Shekarar da Kawa Ta Ƙi Yin Ɓawo

Ni da Istifanus sana'a ɗaya muka tashi a cikinta, ɗiban yashi a ƙarƙashin gadar Jimeta. Mutum ya rungumi bokitin ƙarfe ya nutse har ƙasan Binuwai, ya ciko shi, ya taso ya juye a kwalekwale, ya sake komawa. Ni ɗan cikin garin Yola ne, shi kuma iyayensa daga Numan suka zo suka zauna a unguwar Dubeli cikin Jimeta. Na girme shi, don haka Hamma yake kira na kamar yadda ƙannena suke yi. A shekarun da masu tada ƙayar baya suka tarwatsa garuruwan arewacin jiharmu, kowa a Jimeta ya koma zargin kowa. Bayan bam ya tashi a kasuwa, wasu samari suka gangaro bakin kogi da gorori da adduna, wai an ce ta ruwa ake shigo da kayan. Ba su tambayi kowa komai ba. Suka farfasa kwalekwalenmu, suka cinna wa rumfuna wuta, suka karya wa wani dattijo haƙarƙari a gabanmu. Abin da ya fitar da mu daga gida ke nan.

Da muka kama hanyar sahara, bayan Agadas ne na fara sanin cewa dukan da na gani a bakin kogi somin-taɓi ne. Muna cunkushe a bayan a-kori-kura, kowa ya rungumi sanda da aka kafa don kada ya faɗo, sai direba ya tsaya a wani fili da babu ko itace ɗaya. Wasu mutane da rawani suka fito daga bayan tudu da bindigogi, suka gaisa da shi kamar 'yan gida ɗaya. Aka kwantar da mu rub-da-ciki a kan yashi mai zafi, aka bi mu da tiyo ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan Gana ya ɗaga kai don ya ga abin da ake yi wa ƙanwarsa a bayan mota, suka sa masa gindin bindiga a baki. Da muka tashi tafiya bai iya riƙe sandarsa ba. Can gaba ya sulale ya faɗi. Muka yi ta dukan jikin mota muna ihu, direba bai ko rage gudu ba.

A Tamanrasat wani mutum ya tare mu a tasha ya gaishe ni da Fulatanci mai kyau, ya ce shi ɗan Girei ne. Na ji kamar na ga ɗan'uwana na ciki ɗaya. Ya saya mana shayi, ya tambayi labarin gida, sannan ya ce mu kawo wayoyinmu da 'yan fashi suka raina ya sa mana layin ƙasar. Ya shiga wani lungu, har yau bai fito ba. Lambar Dada, mahaifiyata, na cikin wayar nan, da hotonta. Ban haddace lambar ba.

Wani tsoho mai gasa burodi a unguwar da muke dakon bulo shi ne ya lura da mu. Kullum da safe yakan ajiye mana waɗanda gefensu ya ƙone, wata rana kuma ya miƙa wa Istifanus wayarsa ya yi masa nuni ya kira gida. Istifanus ya san lambar mahaifiyarsa da ka. Daga ranar, duk saƙon da zan aika wa Dada, Mama, mahaifiyar tasa, ce take hawa keke mai ƙafa uku daga Dubeli ta kai shi cikin Yola da bakinta, ta dawo da amsa ta ajiye mana sai mun sake samun waya. Matan nan biyu ba su taɓa haɗuwa ba kafin mu tafi.

Iyakar Maroko rami ne mai zurfi da waya a bakinsa. Masu gadi suka sako mana karnuka. Na rasa haƙora biyu a wurin, wani ne ya sa mini takalmi a fuska ina ƙoƙarin hawowa. Muka yi watanni muna gangarawa kudu, daga wannan gari zuwa wancan, muna bin labarin aiki, har muka isa Dakhla.

Garin yana kan wani dogon harshen yashi ne da ya shiga cikin teku, iska kuma ba ta hutawa a can. Mun fara da kamfanin kifi, muna yanka muna zubawa a ƙanƙara har yatsu su daina ji. Sai wata rana aka zo neman waɗanda ba sa tsoron ruwa. Muka kalli juna muka yi dariya, muka ɗaga hannu.

Gonar kawa aka kai mu. Kawa wata halitta ce mai ɓawo biyu da take rufe kanta a ciki, kamar makankarin da muke tsinta a Binuwai in ruwa ya janye, sai dai ɓawonta ya fi kauri da kaifi. Turawa da manyan otal suna sayenta su ci ɗanya. Ana zuba ta a buhunan raga, a ɗaure a kan gadajen ƙarfe cikin ruwa. In teku ya ja baya mu shiga har ƙugu mu juya buhunan, mu kakkaɓe gansakuka, mu fitar da matattu. Ruwan sanyi gare shi kamar na randa a watan sanyi, ɓawon kuma yana yanka safar hannu ya yanki naman da ke ciki. Matattun da muka fitar a bayan rumfa ake zubarwa, har sun zama tudu.

Mai gonar yana can wani babban birni a arewa, ba mu taɓa ganinsa ba a lokacin. Wanda yake kanmu sunansa Birahim, ƙaton mutum mai yawo da guntun bututun roba a hannu. Akwai kuma wata mace mai suna Samira, wadda ta yi karatun halittun ruwa. Ita ke kula da wani dogon ɗaki mai manyan tankuna inda ake ƙyanƙyasar 'ya'yan kawa kafin a kai su teku. Da ta ji Istifanus yana Turanci, kuma ya gama sakandare, sai ta roƙa a ba ta shi. Aikinsa ya wanke tankuna, ya buɗe famfon da ke jawo ruwa daga teku, ya rufe. Birahim bai so ba, domin ɗan ƙanwarsa yake so a ba wurin. Ya riƙa kiran Istifanus da wata kalma da daga baya muka gane bawa take nufi. Ranar da ya ɗaga bututunsa zai zabga masa a gaban ma'aikata, Istifanus ya riƙe wuyan hannunsa, ya riƙe shi sosai har sai da ya saki bututun. Bai doke shi ba. Na gaya masa da yamma cewa da ya bari an yi masa bulala ɗaya da ya fi mana sauƙi. Ya ce ya sha isasshiya a sahara.

A cikin bazarar shekara ta biyu iskar arewa ta tsananta, ruwan ya ƙara sanyi. Ƙananan kawar da muka kai teku ba su yi girman da aka saba ba, wasu in ka matsa su da yatsa sai ɓawon ya ruguje kamar na soyayyiyar gyaɗa. A ɗakin tankuna abin ya fi muni. Wata rana na je kai wa Istifanus abinci, Samira ta kira ni ta ce in sa ido a madubinta mai ƙara girman abu. Ta ɗiga ruwa daga wani tanki. Na ga wasu 'yan halittu da ido ba ya gani, kowace da ɗan ɓawonta sumul, suna juyi suna iyo. Ta canza ta ɗiga na wani tankin. Waɗannan suna kwance a ƙasa, ɓawonsu a karkace, wasu da ramuka kamar gara ta ci, wasu ma ba su yi ɓawon ba sam.

Ta yi bayani da Turanci, Istifanus yana juya mini. Ta ce hayaƙin da motoci da masana'antu da jirage suke fitarwa a duniya ba duka yake tsayawa a sama ba, teku yana shanye wani kaso mai yawa. In ya shanye, ruwan yakan ɗan yi tsami, ba tsamin da harshe zai ji ba, amma waɗannan halittu suna ji. Ɓawonsu da wani abu mai kama da alli suke gina shi, daga cikin ruwan suke tsamo shi. In ruwa ya yi tsami abin yakan yi ƙaranci, wanda aka riga aka gina ma ya fara narkewa. Babbar kawa tana iya daurewa. Jaririyar kuwa dole ta gina ɓawonta a kwanakin farko, tun ba ta fara cin abinci ba, da ɗan ƙarfin da ta fito da shi daga ƙwai. In ginin ya yi mata wuya sai ƙarfin ya ƙare ta mutu. Ta ce iskar nan da ke kaɗawa tana kore ruwan sama, na can ƙasa ya taso, shi kuma dama ya fi tsami, famfonmu kuma shi yake zuƙowa. Ba kawa kaɗai ba, in ji ta, har dodon koɗin teku da wasu ƙananan halittu da kifi ke ci.

Na tambaya ko babu magani. Ta ce na tekun gaba ɗaya ya fi ƙarfinta, amma na tanki akwai: na'urar da za ta riƙa auna ruwan kafin a buɗe famfo, da wani farin gari da ake zubawa ya rage tsamin. Na ce ai kamar yadda Dada take jefa kanwa a miyar yakuwa ke nan. Da Istifanus ya fassara mata ta yi dariya, ta ce kusan haka ne. Ta riga ta rubuta wa mai gona, ya ce ya yi shekaru yana kiwon kawa a ruwan nan, ruwa bai taɓa canzawa ba.

Sai aka wayi gari 'ya'yan kawar da ke tankunan gaba ɗaya sun mutu. Ƙasan kowanne ya yi wani laka-laka mai wari. Aka ce mai gona yana hanya. Samira ta ɗebi ruwa a kwalabe ta tafi cikin gari don ta aika a gwada.

Ina cikin ruwa da hantsi ina juya buhu na ji ihu daga bayan rumfa. Muryar Istifanus ce. Na fito a guje, takalman roba cike da ruwa suna ja na baya. Na tarar Birahim ya ɗaga wata jarka ta ruwan bilicin da ake wanke tankuna da shi, babu komai a ciki, yana nuna wa mutane yana cewa ga gubar da baƙin nan ya zuba don ya rama. Jarkar kullum a nan take, kowa ya sani. Maza huɗu ko biyar suka kewaye Istifanus. Wannan karon ba bututun roba ba ne, na ƙarfe ne. Na farko ya same shi a kafaɗa, na biyu a gwiwa, ya durƙusa. Yana cewa da Larabcinsa na koyo, ruwa ne, ruwa ne, a tambayi Samira. Birahim ya sa masa ƙafa a baki.

Biyu suka riƙe ni. Na sa wa ɗaya kai a hanci, na fizge, na ɗauki ƙugiyar da muke jan buhu da ita na kai wa Birahim sara. A hannu ta same shi, na ga jini ya tsarto. Daga nan wani abu ya sauka a ƙeyata, na faɗi. Ban suma ba, amma jikina ya ƙi tashi. Ina kwance ina kallo suka kama ƙafafun Istifanus suka ja shi a kan tudun matattun kawa, suka hau da shi suka gangaro, suka sake hawa. Ɓawon yana ƙara a ƙarƙashinsa kamar ana taka kwalabe. Rigarsa ta yayyage, bayansa ya zama ja. Da suka juya shi suka ja ta hannu, wani babban ɓawo ya tsaga masa sha-raɓa tun daga bayan gwiwa har kusa da idon sawu. Suka wurga shi cikin taɓon bakin ruwa inda ake zubar da ruwan tankuna, suka jefo mana takalmanmu, Birahim ya ce in rana ta faɗi muna garin zai kira 'yan sanda.

Sauran ma'aikata baƙi suna tsaye a nesa. Ban riƙe su a zuciya ba. Bayan an watse, biyu daga cikinsu, 'yan Senegal, suka taimake ni muka ɗauke shi zuwa ɗakin da muke haya.

Asibiti muka ji tsoro. Ba mu da takardu, ga shi na sari ɗan gari. Na wanke masa raunukan da ruwan gishiri, na cire gutsattsarin ɓawo daga bayansa da ɗan hantsaki, na ɗaure ƙafar da tsumma. Ya ce mini, "Hamma, ƙafa ɗin yana zafi kamar an sa shi a wuta, amma zai warke, bari kawai." Kashegari ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi. Kafin azahar wasu baƙaƙen ƙuraje masu ruwa suka fito, jan yana hawa zuwa cinya ina kallonsa. Zazzaɓi ya rufe shi. Ya daina Hausa, ya koma yaren Bachama, ba abin da nake ganewa sai Mama.

Samira ce ta nemo mu. Ta bi kamfanonin kifi tana tambaya har aka nuna mata ɗakin. Da ta ɗaga tsumman ta ga ƙafar, ta fita ta matso da motarta bakin ƙofa. Na ce mata 'yan sanda fa. Ta ce in ɗauko shi. A asibiti mai karɓar marasa lafiya ya fara maganar takarda, ta buga tebur da tafin hannu ta yi masa faɗa da Larabci har likita ya fito da kansa. Likitan ya ce wata ƙwayar cuta ce da ke zama a taɓon teku da jikin kawa, ta shiga ta raunin, tana cin nama da sauri. Ya ce da mun ƙara yini ɗaya da gawa za mu kawo. Suka yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Da ya farfaɗo ya daɗe yana kallon wurin da bargo ya kwanta babu tudu. Abin da ya fara ce mini shi ne kada in gaya wa Mama ta waya.

Samira ta gaya wa mai gona abin da ya faru, ta nuna masa sakamakon ruwan, babu alamar bilic a ciki. Ya ce zai duba. Ta je wurin 'yan sanda, suka ce in ana son a buɗe magana to da saran da na yi za a fara. Ta dawo ta same ni a barandar asibiti ta ce ta yi iya yinta, ta ba ni haƙuri, ta ce da ba ta roƙi a ba ta shi ba da yana cikin ruwa tare da ni. Na ce mata ba ita ta ja shi a kan ɓawo ba. Duk kwanakin da ya yi a kwance, ita take kawo mana miya da burodi daga gidan mahaifiyarta. Ita ce kuma ta haɗa mu da wata ƙungiya mai mayar da baƙi ƙasashensu.

Da keke ya sauke mu a Dubeli, Mama tana bakin famfo da bokiti. Ta ga fuskarsa ta saki bokitin ta taho da gudu, sai a tsakiyar hanya ta ga sandunan. Ta tsaya cik. Sannan ta ƙaraso a hankali, ta durƙusa a cikin ruwan da ya zube, ta kama ƙafar wandon da muka naɗe da fil ta riƙe. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta ɗago ta tambaye ni wa ya yi wannan. Na faɗi sunan Birahim. Ta tambayi me ɗanta ya yi masa. Na fara ba ta labarin hayaƙi da teku da 'ya'yan kawa, na ji maganar ba ta zauna a bakina ba. Da yamma Dada ta zo daga Yola da tuwo a kwano, suka zauna su biyu a tabarma ɗaya har magariba.

Yanzu ina tuƙa keke tsakanin Jimeta da Yola. Ƙeyata takan sara in rana ta yi zafi. Istifanus yana da ɗan shago a bakin titin Dubeli, yana cajin waya yana gyara ƙananan matsaloli. Ya yi aure, yana da 'ya mace. Ba ya cin kifi, ba ya son a yi maganar Maroko.

Bara Samira ta turo mini saƙon murya. Na tsaya a shagonsa na kunna masa, tunda shi ke jin Turanci. Ta gaishe mu, ta tambayi ƙafar. Ta ce bayan tafiyarmu an sake zuba sabon iri ya mutu, aka sake zubawa ya sake mutuwa, alhali babu baƙo ko ɗaya da ke shiga ɗakin tankuna. A ƙarshe mai gona ya sayi na'urar da garin, yanzu in iska ta taso sukan rufe famfo su jira, 'ya'yan kawa suna rayuwa. Ta ce ta haɗu da Birahim a kasuwa, ya bar aikin, ya tsayar da ita ya ce mata wataƙila dai ruwan ne.

Istifanus ya fassara mini har ƙarshe, muryarsa ba ta canza ba. Ya ce in sake kunnawa. Ya saurara, yana juya wata waya da aka kawo gyara a hannunsa. Na tambaye shi me zan mayar mata.

Ya ce, "Ka gaishe ta, ka ce na gode da miya. Sai ka tambaye ta, da ya mutu na biyu ɗin, wa suka kama suka daka?"

Na aika. Ta ji saƙon a ranar. Sai bayan kwana biyu ta amsa, ta ce ba a daki kowa ba.